Tara ruwan indararo a Damagaram: tano, tankin roba ko na siminti?

Rufin kwano mai murabba'in mita 50, in aka yi ruwan milimita 20, yana zubo lita 1000. In ba a tare shi ba, sai ya ƙwaƙule gindin katanga, ya kwashi yashi da kashin awaki ya kai tafkin unguwa. Ga shi garin bisa dutse yake zaune, ruwan famfo ma daga nesa ake jawo shi, daga Gogo-Machaya, Arunguza da Ganaram.

Tano na lita 200 shi ne mafi araha, amma ruwa ɗaya ke cika shi ya tumbatsa. Na ƙarfe yana tsatsa. Wanda aka taɓa zuba mai ko maganin ƙwari a ciki kuwa, kada ka saya ko da kyauta ne, wanki ba ya fitar da shi.

Ga yawancin gidaje tankin roba na lita 1000 zuwa 2000 ya fi dacewa. Ɗauki baƙi ko mai kauri wanda haske ba ya ratsawa, don fari yana tsirar da gansakuka. Duba murfi ya zama mai murɗewa, famfon ɗiba kuma ya ɗan ɗaga daga gindi saboda laka. Lita 1000 tan guda ce cur, don haka sai an yi masa dakali shimfiɗaɗɗe. Tsakuwa ɗaya a ƙarƙashinsa tana iya huda shi.

Na siminti cikin ƙasa ya fi ɗaukar ruwa da sanyi, sai dai a unguwa irin Birni haƙa kan ci karo da dutse, kuɗin aiki ya ninka. In ya tsage, ruwan masai na iya tsatsowa ciki ba a sani ba, shi ya sa ake nisanta shi da aƙalla mita 15.

Ko wanne ka zaɓa, sa raga a bakin bututu, ka zubar da ruwan farko, kamar lita 50 ga rufi mai murabba'in mita 50, domin shi ke ɗauke da ƙurar rani da kashin tsuntsaye. Ruwan sha a tafasa ko a sa Aquatabs, ƙwayar tsabtace ruwa. Bututun ambaliya kuma a kai shi rami mai tsakuwa ko gindin bishiya, mita 3 daga katangar ƙasa.