Zaɓen Prince Edward Island: gaskiya hukumar zaɓen nan ta iya aiki

Jama'a duk wanda ke zaune a tsibirin nan na Prince Edward Island kuma ya samu takardar zama ɗan ƙasa, don Allah in zaɓe ya zo kar ya yi zamansa a gida. Aikin hukumar zaɓen lardin nake so in yi magana a kai, wato Elections PEI, saboda a ofisoshin gwamnatin da nake hulɗa da su a Kanada babu inda aka sauƙaƙa min abu kamar wurinsu. In maki ne 9 cikin 10 zan ba su, ɗayan da na riƙe ma ba laifin ma'aikatansu ba ne, zan zo kansa.

Ga waɗanda ba su san wurin ba, shi ne lardi mafi ƙanƙanta a Kanada, ƙidayar 2021 ta nuna mutanensa dubu 154 ne da 'yan kai, noman dankali da kamun kifi da 'yan yawon buɗe ido su ne ƙarfin wurin. Majalisarsu tana Charlottetown, kujeru 27 ne kacal, kowace mazaɓa masu ƙuri'a ba su wuce wajen dubu huɗu ba. Kuma ba a zaɓen firimiya daban, ɗan majalisar unguwarku kawai za ka zaɓa, jam'iyyar da ta samu rinjaye shugabanta ne zai kafa gwamnati. Ƙuri'a ɗaya ce a hannunka shi ke nan.

Zaɓen da na yi shi ne na ranar Litinin 3 ga Afrilu 2023. Asali sai a watan Oktoba ya kamata a yi amma firimiya Dennis King ya jawo shi kusa, lokacin mutane ba su gama farfaɗowa daga ɓarnar guguwar Fiona ba, ga maganar rashin likitoci da tsadar haya a bakin kowa. Tun kafin ranar kati ya iso min ta akwatin wasiƙa, da sunana da adireshina da wurin da zan je da ranakun da aka ware wa masu son jefa tasu tun da wuri. Ban bi wani layi don in karɓe shi ba, har gida ya same ni. Akwai ma damar yin zaɓe ta wasiƙa ga wanda ba zai samu zuwa ba.

Ranar zaɓen muna cikin azumi, ga sanyi bai gama tafiya ba, na tashi daga aiki na wuce, don ba hutu ake bayarwa ba kuma ba a hana zirga-zirga, shaguna a buɗe motoci na wucewa abinsu. A bakin ƙofa wani dattijo ya tarbe ni ya karɓi katin ya duba ya nuna min teburin da zan je. Matar da ke teburin ta karɓi lasisin tuƙina, ta ɗan tsaya a kan sunan sai ta ce in faɗa mata yadda ake kiransa, na faɗa, ta maimaita har sau biyu sai da ta kama shi daidai sannan ta miƙo min takardar a naɗe. Wallahi abin nan ya yi min daɗi ba kaɗan ba, wanda ya daɗe a ƙasar waje ana karya masa suna shi zai gane abin da nake nufi. Na shiga bayan ɗan kwalin da aka kafa don kar a ga abin da ka zaɓa, fensir na ajiye a wurin, na yi alamar X a da'irar da ke gefen sunan wanda nake so, na naɗe, aka jefa a akwati ina kallo. Ba dangwale ba tawada a yatsa. Da shigata da fitata ban kai tsawon lokacin da nake yi a layin biyan kuɗi a kanti ba.

Ƙarfe 7 na yamma aka rufe rumfuna, kuma a nan rumfar ake zazzage akwatin a ƙirga da hannu a gaban wakilan 'yan takara. Muna shan ruwa sakamako ya fara fitowa a talabijin, kafin a kwanta kowa ya san inda aka kwana: jam'iyyar King da ake kira PC ta kwashe kujeru 22, Liberal 3, Green 2. Shugabar Liberal ɗin ma, Sharon Cameron, ba ta ci mazaɓar da ta tsaya ba.

To abin da ya sa nake matsa wa mutanenmu su fita, a nan ƙuri'a ɗaya tana da nauyi da gaske ba maganar fatar baki ba. A zaɓen 2015 a mazaɓar Vernon River-Stratford bayan an sake ƙirga sai aka tarar Alan McIsaac na Liberal da Mary Ellen McInnis ta PC kowanne yana da 1,173, kunnen doki, kuma abin da dokar ta tanada shi ne a wurga kwabo sama. Aka wurga, McIsaac ya ci kujerar. Ka duba fa, mutum ɗaya da ya ce yau ya gaji ba zai fita ba, da ya fita da shi ne ya raba gardamar. 'Yan takarar ma sun san da haka shi ya sa za ka ga mutum da kansa cikin sanyin nan yana bin gida-gida yana ƙwanƙwasa ƙofa, nawa ma sun zo, na tsayar da ɗayansu na tambaye shi maganar likita ya tsaya ya saurare ni bai yi gaggawar wucewa ba.

Yanzu makin da na riƙe. Tsarin da ake bi shi ne wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa shi ya ci, sauran ko oho, kuma a 2023 abin ya fito fili sosai: Green sun samu sama da kashi 20 cikin 100 na ƙuri'un lardin, sun fi Liberal ƙuri'a amma Liberal suka fi su kujera har suka zama manyan 'yan adawa, su kuma PC da kusan kashi 56 suka tafi da kujeru 22 cikin 27. Ni dai wannan bai kwanta min ba sam. Jam'iyyar Green da a 2019 ta ci kujeru 8 ƙarƙashin Peter Bevan-Baker ta zama babbar 'yar adawa, abin da Green ba ta taɓa yi a wani lardin Kanada ba, a ce mutum ɗaya cikin biyar ya zaɓe ta amma ta koma da biyu. An yi ƙuri'ar raba gardama kan canza tsarin a 2019 ɗin bai wuce ba, to hukumar abin da doka ta ce shi take aiwatarwa, gyaran yana hannun majalisa da jama'a. Sannan fitowar mutane a 2023 ba ta kai kashi 70 ba, a lardin da a da ake haura 80, wannan ma ya dame ni ganin yadda aka sauƙaƙa komai.

Sharuɗɗan ba su da yawa, ka zama ɗan ƙasa, ka cika shekara 18, kuma ka yi wata shida kana zaune a lardin. Ɗalibanmu na jami'a da masu takardar zama ta dindindin ba su ciki tukuna sai sun karɓi rantsuwar zama ɗan ƙasa. In kun canza gida ku gyara adireshi da wuri don katin ya same ku a inda kuke, ku riƙe lasisi ko wata shaida mai ɗauke da suna da adireshi, kuma masu aikin dare ko masu ƙananan yara ranakun zaɓen wuri sun fi muku sauƙi.