Ganga, dashe ko na'ura: wanne ya kamata ƙungiyarku ta saya?

Tun da Buhari ya yi alƙawari a Glasgow a 2021 cewa kafin 2060 Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take janyewa, maganar kama iskar kabon, wato iskar da ke cikin hayaƙi mai ɗumama duniya, ta fara shigowa tarukan manoma a Kaduna. In ƙungiyarku ta tara 'yan kuɗi, ga yadda nake kallon hajar.

Na'urar masana'anta, mai tace kabon daga hayaƙi, ku cire ta daga lissafi. Ba ƙarya ba ce: a Sleipner, wani filin haƙar gas na ƙasar Norway, tun 1996 ake danna iskar ƙarƙashin teku. Sai dai tana son ƙaton bututun hayaƙi irin na kamfanin siminti ko matatar mai, da lantarkin da ba ya ɗaukewa. Wannan aikin gwamnati ne da manyan kamfanoni. Ko iskar da ake haɗa takin yuriya da ita, ana zubawa a gona ta koma sama.

Dashen itatuwa, masu zuƙe kabon daga iska, araha ne ranar saye, tsadarsa sai rani ya yi, ga ban ruwa ga awaki. A cikin gona gawo ya fi, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya rufe masara da inuwa. Turare kuwa akwai shan ruwa, ku bar shi bakin iyaka.

Ni gangar ƙarfe ta yin gawayi zan fara saya. Masu walda a Panteka za su ƙera maka ita da murfi da bututu. Ka cika ta da totuwar masara ko kara, ka ƙona ba tare da iska mai yawa ba, sai su zama gawayi maimakon toka. Gawayin nan yakan yi ɗaruruwan shekaru a ƙasa bai ruɓe ba, kabon ɗin da ke cikinsa bai koma sama ba, yana kuma riƙe danshi. Wajen ciniki ƙwanƙwasa ƙarfen ka ji. Na taɓa bin araha na ɗauko mai sirara, kafin kaka ta wuce gindinta ya huje. Duba murfin ko yana zama daram, domin in iska na shiga toka za ka kwasa. Totuwar ta bushe sarai; farin hayaƙi mai kauri alamar danshi ne.

Kada a kai gawayin gona tsuransa. A daka shi, a cuɗa da takin shanu ya yi 'yan makonni, in ba haka ba shi zai fara zuƙe abincin shuka.

Masu zuwa da alƙawarin biyan dala kan kowane tan na kabon da aka kama kuwa, ku ce su rubuta wa zai auna, nawa ne kason manomi, da ranar biya, kafin kowa ya dangwala yatsa.