Kififiyar kogi da ta tafki: wacce za ka fara nema da kyamara?

Wani ɗan'uwa ya tambaya ko kififiyar da masunta ke kamawa a Binuwai da wadda yara ke tsinta a bakin tafki da damina iri ɗaya ce, kuma wacce ta fi sauƙin ɗauka a hoto.

Malam, dangi ne amma ba ɗaya ba ne. Dukansu ba su da ƙoƙon baya mai tauri irin na kunkuru, fata ce ta lulluɓe bayan. Dukansu hancinsu kamar ɗan bututu yake, da farata uku a kowace ƙafa. Daga nan sai su rabu.

Ta kogi, wadda masana ke kira Trionyx triunguis, ƙatuwa ce: bayanta kan kai kusan mita ɗaya, nauyinta kilo 40. Shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, da ɗigo-ɗigon fari, musamman tana ƙarama. Akwai ta a kogin Neja da Binuwai da Nilu, har bakin teku a Turkiyya, domin tana jure ruwan gishiri. Ta tafki kuwa, Cyclanorbis senegalensis, ba kasafai take wuce santimita 35 ba, kuma ana samunta daga Senegal har Sudan, har da Tafkin Cadi. Babbar alamarta a ƙasan cikinta take: marfin fata guda biyu da ke rufe ƙafafun baya idan ta janye su. Ta kogi ba ta da wannan.

In shawarata za ka bi, fara da ta tafki. Idan ruwa ya ƙafe da rani takan binne kanta cikin laka har sai ruwan sama ya dawo, saboda haka da farkon damina ake ganinta tana tafiya a tudu. A nan ko waya ta isa. Ka durƙusa, ka saukar da kyamara daidai idonta. Wanda ya ɗauka a tsaye, curin laka kawai zai kawo mana.

Ta kogi ita ce mai cin rai, kuma ita na fi so. Lokacinta rani ne, sa'ad da ruwa ya ja baya yashi ya bayyana. Tana iya daɗewa a ƙasan ruwa, binne cikin rairayi, domin tana samun iska daga ruwan ta fatarta da cikin maƙogwaronta. In ta taso, hanci da idanu kaɗai za ka gani, kuma takun ƙafarka a gaɓa ya isa ta nutse. Ka riga ta zuwa da sassafe, ka zauna ƙasa bayan ciyawa, ka haƙura awa ɗaya ko biyu har ta fito shan hantsi. Kana buƙatar gilashin kyamara mai jawo nesa, milimita 300 zuwa sama, da matacin da ke rage ƙyallin ruwa. Kwalekwale ban cika so ba, yana girgiza hannu, ita ma tun daga nesa take ganinsa. Amma ka tambayi masunta, su suka san makwancinta, su kuma za su gaya maka inda kada da dorina suke.

Kada ka kai mata hannu. Wuyanta dogo ne ƙwarai, cizonta ba wasa ba. Kada kuma ka biya kuɗi a kamo maka, domin duka biyun suna raguwa, hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa su cikin halittun da ke fuskantar barazana. In ka gano inda take saka ƙwai, kashe alamar wuri a wayarka kafin ka yaɗa hoton.

Akwai ta uku da nake roƙon ka sa wa ido. In ka tarar da babba a hannun masunta, ta wuce rabin mita amma tana da marfin nan ko da ƙarami ne, ka ɗauki hoton bayanta da cikinta da kanta. Mai yiwuwa Cyclanorbis elegans ce, wadda a da aka san ta a Najeriya da Gana, aka yi shekaru masana ba su gan ta a ruwa ba, sai a 2017 a Farin Nilu, cikin Sudan ta Kudu.