Na'urar ji da na saya: aiki tana yi, amma masu sayarwa sun ɓata min rai

Ni ba kurma ba ne. Ina jin ana magana, kalmomin ne ba sa fita, musamman muryar mata da ta jikokina. Shekarun da na yi a cikin ƙarar injinan gidan buga takardu su suka jawo. A asibiti aka sa ni a ɗan ɗakin gwaji, aka ɗora min abin kunne, aka fitar da takardar da ta nuna siraran sautuka irin su "s", "sh" da "f" ne suka fara guduwa. Likitar ta ce kada in jira sai abin ya yi nisa, domin ƙwaƙwalwa idan ta daɗe ba ta samun sauti, sabawa da na'urar yakan yi wuya daga baya. Ta kuma gaya min rahoton mujallar likitoci ta Lancet na 2020 ya sa raunin ji a cikin abubuwan da ke da alaƙa da ciwon mantuwa a tsufa. Wannan maganar ce ta sa na rufe ido na biya kuɗin na'urar ji, irin wadda ake ratayawa a bayan kunne, guda biyu.

Farko dai na sha mamaki. Ƙarar cokali a kwano, takun takalmina, har muryata sai na ji ta kamar ta wani. Bayan 'yan makonni kunnena ya saba, na koma jin huɗubar Juma'a daga sahun baya, na daina cewa "na'am?" a kowace magana. Uwargida ta ce rediyon gidan ya huta.

To, ana saura kwanaki kaɗan ɗaurin auren 'yata, ta dama ta yi shiru. Na canza batir, shiru. Na koma shagon da na saye ta, yaron da ke wurin ko juya ta bai yi ba ya ce, "Alhaji, sai dai a tura Legas, kuma garanti bai shafi wannan ba." Na ce yaya za a yi bai shafa ba, abin da ko wata uku bai yi ba? Ya ce oga ba ya nan. Na kira ogan, bai ɗauka ba, na tura saƙo, bai amsa ba. Haka na zauna a wurin ɗaurin auren da kunne ɗaya, ana faɗin sadaki ina tambayar ƙanena nawa aka ce. Wallahi abin ya yi min ciwo, har yau idan na tuna raina yana ɓaci.

Bayan biki na kai ta wurin likitar. Ta duba bakin da ke shiga kunne, ta sa wani ɗan tsinke ta zaro ɗan farin mataci da bai kai ƙwayar shinkafa ba, dauɗar kunne ta toshe shi, ta sa sabo. Nan take ta dawo aiki. Ashe a cikin kwalin ma akwai irinsa, amma ranar da suka karɓi kuɗina babu wanda ya nuna min. Mutum ya sayar maka da kaya mai tsada haka, ya kasa yi maka bayanin minti biyu!

Sai kuma batir. Mai lamba 312 take ci, mai takarda ruwan ƙasa, kuma da ka ɓare takardar ya fara ƙarewa ko ka yi amfani da shi ko ba ka yi ba, domin da iska yake aiki. Da ƙyar yake kai min mako, kuma ba kowane kemis ke da shi ba. A kan babur iska ce kawai ke bugawa, a kasuwa hayaniya ta fi maganar ƙarfi. Ga zufa, ga ƙurar hunturu, ga cirewa duk lokacin wanka.

Duk da haka ba zan iya komawa zaman da ba. Wanda ya fara jin nauyin kunne ya je a gwada shi, a saita masa daidai da takardarsa, ya bar na kasuwa masu ƙara komai gaba ɗaya. Amma kafin ya miƙa kuɗi, ya sa su canza matacin nan a gabansa, kuma su rubuta abin da garantin ya ƙunsa. Shagon nan kuwa ba zan tura kowa ba.