Sharhina kan saitin rinin gyaran kafet da bilic ya ci

Gaskiya abin yana aiki, amma ba irin yadda suke nunawa a bidiyon talla ba, wai ka ɗiga ka goge shi kenan. Kafet ɗina na nailan ne ruwan toka, bilic ya zuba a kai wurin ya koma ruwan goro, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba amma da ka shigo ɗakin nan idonka zai fara sauka. Wanki kuwa ba ya yi masa komai tunda ba datti ba ne, kalar ce aka cinye.

Saitin ya zo da kwalabe uku, ja da shuɗi da rawaya, sai sirinji da wani farin gari mai suna sodiyam tayosalfet na kashe ƙarfin bilic. Garin nan kada ka raina shi, don bilic ko ya bushe yana nan maƙale a zaren, in ka zuba rini a kansa cinye shi zai yi kana kallo. Sai ka jiƙa garin a ruwa ka shayar da wurin sosai, ka ɗauraye, ka danne da farin tawul ya tsotse. Masu cewa a sa binega don Allah ku bari, haɗuwarta da bilic iskar kulorin take fitarwa, guba ce.

Inda na fi jin daɗinsa shi ne wajen haɗa kala. Ba ruwan toka za ka haɗa ka shafa ba, abin da ya ɓace za ka mayar. Yawanci shuɗi ne bilic yake fara ci, shi ya sa wurin ke komawa ruwan goro, in ya ƙara ci ja ma ya tafi sai rawaya ta rage. To ni shuɗi kawai na tsarma da ruwan zafi har ya yi fari-fari, ina ɗigawa da sirinji ina murzawa da yatsa cikin safar hannu, ina busarwa da handiraya kafin in ƙara, saboda jiƙaƙƙen kafet ya fi duhu, zai iya yaudararka ka ɗauka kala ta kai alhali da saura. Ƙari yana da sauƙi, ragewa ce wahala. Tsakiyar da ya fi koɗewa ne kawai ya nemi ɗan ja.

Abin haushin takardar bayaninsu, rubutu ƙanana kuma ko a layi ɗaya ba su faɗi cewa rinin nan nailan da ulu kaɗai yake kamawa ba. In zaren kafet ɗinka foliyesta ne ko folifurofilin kar ma ka ɓata kuɗinka, zai zauna a sama ne ya bi ƙafar mutane. Duba lebul ɗin bayan kafet tukuna. Ulu kuma in bilic ya yi ƙarfi zaren kansa yake narkarwa, nan rini ba shi da abin yi.

Yanzu a tsaye ba ka gane wurin, sai in ka durƙusa da rana tsaka za ka ga gefen ya ɗan fi duhu kaɗan. Ga ƙaramin tabo a kafet mai kala ɗaya zan ce a saya, amma mai zane-zane ko wanda bilic ya malale da yawa gara a kira masu aikin.