Toshe ƙofa da katangar tsaro, ko kashe hidimar gaba ɗaya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai buƙatar kashe hidimomin da ba a amfani da su a sabar Tomcat, wato manhajar da ke gudanar da shafukan yanar gizo na Java, tunda katangar tsaro (firewall) ta riga ta toshe kowace ƙofa (port) in ban da 80 da 443, waɗanda shafukan yanar gizo ke amfani da su. Hanyoyin biyu ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma a ganina kashewar ce ya kamata ta zo farko.

Katanga tana tare baƙo ne daga waje, amma hidimar tana nan a raye tana sauraro, ga shi kuma dokar katangar kan warware ba tare da mai sabar ya sani ba. Wanda ya dogara da ufw, wato manhajar saita katanga a Linux, sannan ya buɗe ƙofa ta hanyar Docker, mai gudanar da manhajoji a cikin keɓaɓɓun akwatuna, zai tarar ƙofar a fili ga duniya, domin Docker yana rubuta nasa dokokin a iptables, inda ainihin dokokin katangar suke, ba tare da ya bi ta ufw ba. Hidimar da aka kashe kuwa ba ta da ƙofar da za a manta a buɗe. An ga haka a Fabrairun 2020, lokacin da aka bayyana raunin Ghostcat a mahaɗar AJP da ke ƙofa ta 8009, wadda sabar yanar gizo irin Apache ke bi ta yi magana da Tomcat, raunin da ya ba mahari damar karanta fayiloli irin su WEB-INF/web.xml. Waɗanda suka cire layin mahaɗar daga server.xml, fayil ɗin saitin Tomcat, tun da wuri raunin bai shafe su ba, kuma daga sigar 9.0.31 da 8.5.51 Tomcat kansa yana zuwa da ita a kashe.

Akwai kuma inda katanga ba ta da abin cewa sam. Manhajojin manager, host-manager, examples da docs da Tomcat ke zuwa da su cikin jakar webapps suna amsawa ne ta ƙofar da shafinka yake amsawa, wato wadda ka bari a buɗe da gangan. Gaskiya ne manager kan karɓi buƙata daga 127.0.0.1 kawai, wato adireshin na'urar kanta, sai dai idan sabar yanar gizo irin Nginx ko Apache tana gabansa a kan na'ura ɗaya, buƙatar kowa na iya iso masa da wannan adireshin. Goge waɗannan manhajoji shi ne maganin.

Ta fuskar sauri, toshe ƙofa ba ya mayar maka da komai na RAM, alhali kashewa tana rage abin da Tomcat zai loda yayin tashi. Ribar dai yawanci kaɗan ce, kada ka sa rai da yawa.

Katanga ta fi dacewa da abin da ake buƙata amma ba don kowa ba, kamar SSH na shiga sabar daga nesa a ƙofa ta 22 ko rumbun bayanai na PostgreSQL a 5432, kuma gyara kuskurenta ya fi sauƙi. Kashewa tana da nata haɗarin: idan Apache yana magana da Tomcat ta mod_jk ko mod_proxy_ajp, cire AJP zai durƙusar da shafin nan take. Saboda haka ka fara da ss -tlnp ka ga abin da ke sauraro, ka gwada a sabar gwaji, sannan ka riƙa kashe hidimomin na'urar ɗaya bayan ɗaya da systemctl disable --now. Idan wata hidimar na sake tayar da wadda ka kashe, systemctl mask zai hana ta tashi.