Wa Zai Ba Da Labarin: Yarinyar Da Ke Cikin Gidan Ko Matar Da Ta Fita Daga Cikinsa?

'Yar'uwa, kin ce kina rubuta ƙagaggen labari a kan yarinya 'yar shekara 15 wadda mahaifinta yake dukanta yana kuma muzanta ta, mahaifiyarta tana gani ba ta cewa uffan, kuma kin rasa wanda za ki ba wa bakin magana: yarinyar a daidai lokacin da abin yake faruwa, ko ita ɗin bayan ta kai shekara 35 tana waiwaye. Kin ƙara da cewa abin da ya fi damunki shi ne yadda yarinyar take neman sanin ko ita wace ce a tsakiyar wannan hali. Zan ɗora hanyoyin biyu kusa da juna, sannan in faɗi inda na karkata.

Babban abin da muryar yarinyar take da shi, wanda muryar babba ba za ta taɓa dawo da shi ba, shi ne rashin sani. Yaron da ake cin zarafinsa a gida galibi ba ya kiran abin da sunansa, domin bai taɓa zama a wani gida ba balle ya kwatanta, kuma wanda yake cutar da shi shi ne dai yake ciyar da shi. Jennifer Freyd, masaniyar halayyar ɗan'adam a Amurka, ta yi bayanin wannan a littafinta na 1996, inda ta nuna cewa yaron da rayuwarsa ta rataya a wuyan mai cutar da shi yakan rufe ido daga ganin cin amanar, tun da ganin zai iya raba shi da wanda ba zai iya rayuwa ba tare da shi ba. Saboda haka sai ya ɗora laifin a kansa, domin hakan ya fi sauƙin ɗauka. Idan yarinyarki ce take magana, za ta ce wani abu kamar haka: "Daga yadda ya rufe ƙofa na san yau ba ranar magana ba ce, sai na ɓoye sakamakon jarrabawata, tun da ni na jawo, da na zo ta ɗaya da ba haka ba." Ba ta zargi kowa ba, amma mai karatu ya riga ya ga abin da ita ba ta gani ba, kuma wannan tazara da ke tsakanin saninsa da nata ita ce take sa zuciyarsa ta ƙuntata fiye da duk wani bayani da marubuci zai yi. Littafin marubuciyar Amurka Alice Walker na 1982, The Color Purple, da wannan ƙarfi ya fara, domin wasiƙu ne da yarinya 'yar shekara 14 take rubuta wa Ubangiji, tana faɗin abin da ake yi mata cikin 'yan kalmomin da ta mallaka.

Matar mai shekara 35 za ta ba da wannan dare ɗin ta wata fuska: "Sai da na daɗe da barin gidan kafin na gane cewa ko da na zo ta ɗaya, da ya sami wani dalilin." Wannan jimla gaskiya ce, kuma akwai mai karatun da ya shekara da shekaru yana jiran wani ya faɗa masa ita. Sai dai ta riga ta yanke hukunci, ba ta bar wa mai karatu aikin da zai yi ba.

A batun sanin kai, wanda shi ne jigonki, bambancin ya fi fitowa fili. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙidaya shekarun tasowa daga 10 zuwa 19, kuma Erik Erikson, masanin halayyar ɗan'adam, tun a rubuce-rubucensa na 1950 da 1968, ya bayyana cewa babban aikin da ke gaban mai waɗannan shekaru shi ne ya haɗa kansa wuri ɗaya, ya san wane ne shi da abin da ya yarda da shi, ko kuma ya zauna cikin ruɗani. Matashi yana fara ganin kansa ne a idon iyayensa, kamar yadda mutum yake duba fuskarsa a madubi, to ina ga yarinyar da kullum ake ce mata ba ta da amfani? A bakin 'yar shekara 15 wannan tambaya tana da rai, domin har yanzu ba ta san ko maganar mahaifin nata gaskiya ce ba, kuma za mu gan ta tana zama mutum ɗaya a gida, wata daban a makaranta, tana gwada hali ta yar, tana ƙarya don ta rufa wa gidansu asiri, tana kuma jin haushin duk wanda ya kusa ganowa. A bakin babba kuwa an riga an amsa tambayar, tun da wadda take magana ta zama wani abu, kuma natsuwar da ke cikin muryarta tana sanar da mu tun daga shafin farko cewa ta tsira. Wannan yana kwantar da hankalin mai karatu, amma yana rage fargabar da take riƙe shi.

Duk da haka, muryar yarinyar tana da tarko guda uku, kuma na ɗaya ya fi kama marubuta. Shi ne a sa wa yarinya kalmomin manya a baki, ta riƙa nazarin halin mahaifinta kamar likitar ƙwaƙwalwa, wanda da zarar mai karatu ya ji sai ya daina yarda da ita. Na biyu shi ne ƙuncin gani: ba ta san abin da ya faru da mahaifinta a ƙuruciyarsa ba, ba ta san ko shirun mahaifiyarta tsoro ne ko rashin wurin zuwa ba, don haka iyayen suna iya fitowa ba su da zurfi idan marubuciya ba ta iya saƙa alamun da yarinyar za ta gani ba tare da ta fahimta ba. Na ukun shi ne ya fi damuna. Cikin masu karanta littafinki za a sami wata da take cikin irin wannan gida a yanzu, kuma idan tauraruwar ta yi ta cewa laifinta ne har littafin ya ƙare ba wanda ya musa mata, kina iya ƙarfafa wa waccan yarinya ƙaryar da aka riga aka dasa mata. Dole ne a cikin labarin a sami wani mutum ko wani lamari da zai tsaga wannan tunani.

Muryar waiwaye kuwa dukiyarta lokaci ne. Cin zarafi ba ya ƙarewa ranar da aka bar gida, kuma binciken da likitoci Vincent Felitti da Robert Anda suka fara wallafawa a 1998, wanda ya shafi manya fiye da 17,000 a Amurka, ya nuna cewa gwargwadon yawan nau'o'in wahalar da mutum ya sha a gida yana yaro, gwargwadon ƙaruwar haɗarin baƙin ciki mai tsanani, shaye-shaye, har da ciwon zuciya a girmansa. Mace mai shekara 35 ce kaɗai za ta iya nuna mana yadda take firgita idan aka ɗaga murya, yadda take kasa yarda da mai sonta, da ranar da ta ji kalaman mahaifinta suna fitowa daga bakinta zuwa ga ɗanta. Ita ce kuma za ta iya duban iyayenta a matsayin mutane masu nasu tarihin ba tare da ta wanke su ba. Marubucin Ingila Charles Dickens ya bi wannan hanya a littafinsa na 1861, Great Expectations, inda mutumin da ya girma yake tuna yadda yayarsa ta raine shi da bulala, yana kuma auna kurakuran da shi kansa ya yi daga baya. Illarta ita ce tana saurin komawa wa'azi, tana kuma sa yafiya ta zo da araha, domin shekaru 20 suna wucewa a sakin layi ɗaya. Akwai kuma matsalar tunawa: Judith Herman, likitar ƙwaƙwalwa a Amurka, ta bayyana a 1992 cewa abin da ya girgiza mutum yakan dawo masa gutsure-gutsure, hoto ko sauti ko wari, ba labari jerarre ba, don haka babbar da take zayyana kowane dare daki-daki tare da kowace kalma da aka furta tana iya zama abin shakka.

Tun da abin da kika sa a gaba shi ne sanin kai, ni na karkata ga muryar yarinyar, amma da ɗan gyara. Ki ba ta tazara gajera, ta ba da labarin tana da shekara 17 alal misali, a watanninta na farko a wurin da ba a dukanta. Herman ta kasa farfaɗowa gida uku, wato samun aminci, sai tunawa da makoki, sai sake haɗuwa da mutane, kuma ta jaddada cewa ba a iya tunawa yadda ya kamata sai an sami amincin tukuna. Wannan ya ba ki dalili mai ƙarfi na abin da ya sa take magana yanzu alhali a da ta yi shiru. A wannan matsayi ta san wani abu kaɗan fiye da yadda ta sani a shekara 15, har tana iya cewa abin da aka yi mata ba daidai ba ne, amma har yanzu tana kewar mahaifinta, tana jin kunya, ba ta kuma san wace irin mace za ta zama ba.

Ki kuma kula da wanda ya buɗe mata ƙofa. Emmy Werner, masaniyar halayyar ɗan'adam, ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na Hawai a 1955 har suka girma, ta kuma gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka taso cikin mawuyacin hali sun zama manya masu natsuwa, kuma abin da ya yawaita a tarihinsu shi ne samun aƙalla babba guda da ya damu da su da gaske. A labarinki yana iya zama malama ko 'yar'uwar mahaifiya, amma kada ki mai da ita mai ceto da ta sauko daga sama, ki bar ta ta yi jinkiri, ta yi kuskure, ki kuma bar matakin ƙarshe a hannun yarinyar.

Idan har yanzu kina shakka, ki ɗauki fage ɗaya daga tsakiyar littafin, wanda ba a yi duka a cikinsa ba, kamar safiyar da ta biyo baya inda kowa yake yi kamar ba abin da ya faru, ki rubuta shi sau biyu da muryoyin biyu. Ki ba wani ya karanta ba tare da kin yi masa bayani ba, sannan ki tambaye shi abin da yarinyar take ɗauka a kan kanta. Idan ya iya faɗa miki daga rubutun 'yar shekara 17 ba tare da ita ta furta ba, ki ci gaba da wannan muryar. Idan kuwa kin ga duk abin da yake da nauyi a zuciyarki yana faruwa ne bayan ta yi aure ko ta haihu, to littafin da kike rubutawa na matar ne, kuma sai ki sake duba jigon daga tushe.